Babbar Rigata a Tseren Keke

Abubuwa da yawa na zaman Guangzhou sun fara ɓace mini, amma akwai rana guda da ba zan taɓa mantawa da ita ba ko da na so, kuma wallahi na so. Ita ce ranar da na je kallon tseren keke a kan dutse, na dawo ina roƙon ƙasa ta tsage in shige.

A lokacin wandunan jins nake sarowa daga Xintang ina aikawa Kano. Shekarar da aka yi wasannin Olamfik a Beijing ce, harka ta yi sanyi ƙalau. An matsa wa biza, mutanenmu da yawa ba su samu shigowa ba, mu da muke ciki kuma sai zaman kashe wando. Kullum da yamma ina wani ƙaramin gidan abinci a Dengfeng, in ci tuwon shinkafa in zura wa talabijin ido. A nan na haɗu da Isuhu, wani magidanci ɗan Maraɗi da ke karatun likita, da abokansa 'yan Nijar. Su waɗannan bayin Allah tseren keke suke kallo yadda muke kallon ƙwallo. Mu a Kano keke abin zuwa kasuwa ne da kai niƙa, amma su sai ka ga an tashi tsaye ana dafe kai saboda wani siririn Bature ya miƙe a kan sirdi.

Isuhu ne ya fara koya mini. Ya ce manyan tsere kwana da kwanaki ake yi, kowace rana da zangonta. Zangon shimfiɗaɗɗiyar hanya barci ne, kana iya zuwa ka yi wanka ka dawo ba abin da ya sauya. Amma ranar da zango zai ƙare a ƙolin dutse, ranar ce masu kallo suke jira tun daga farko, domin a hawa babu ɓuya a bayan wani, kowa ƙafarsa ce za ta fisshe shi.

To ni ina da wata cuta tun ina yaro: bakina ba ya iya furta "ban sani ba". Kafin a rufe Olamfik na zama malamin keke a wannan gidan abinci. Na ba su labarin yadda na taɓa tuƙa keke daga Kano zuwa Wudil na dawo a yini guda. (Zuwan gaskiya ne. Dawowar kuwa a bayan tifar yashi aka ɗoro mu, ni da keken, ina amai.) Duk abin da Isuhu ya faɗa yau, gobe ni ne zan maimaita wa wani sabon zuwa, har da ɗaga yatsa.

Wannan bakin nawa ne ya kai ni.

Mai masana'antar da ke yi mini ɗinki a Xintang wani dattijo ne da muke kira Laoban Liang, wato maigida Liang. Gajere ne, mai tumbi, sigari ba ya barin leɓensa, kuma faratansa sun rine da shuɗin jins har abada. Wata rana na tafi da Isuhu ya yi mana tafinta a kan wani sabon samfur. Muna shan shayi sai na hango hoton wani yaro a jikin bango, sanye da matsattsun kayan tsere, ya duƙa a kan keke. Na tambaya. Laoban ya ja tsaki ya ce ɗansa ne, A-Fai, shi kaɗai Allah ya ba shi, kuma maimakon ya zo ya koyi sana'a sai ya shiga wata ƙaramar ƙungiyar 'yan tsere yana yawon garuruwa.

"Mun yi sharaɗi da shi," in ji Laoban ta bakin Isuhu. "Bana ce ta ƙarshe. In bai shiga cikin ukun farko ba ko sau ɗaya, ya jingine keken nan ya zo ya kama injin wankin wando."

Shekara kuma ta zo ƙarshe, yaro bai shiga ba. Tsere ɗaya ya rage, wanda ake zagaya garuruwan kudu da shi a lokacin sanyi, kuma a cikinsa zango ɗaya ne tak zai ƙare a kan dutse, can bayan gari. A-Fai ba shi da jikin gudu a fili, ramamme ne kamar sillen kara, hawa kawai ya iya. Ke nan rana ɗaya ta rage masa a duniyar keke.

Da wani mai hankali ne, da ya ce Allah ya ba da sa'a ya koma kan maganar wando. Ni kuwa na gyara zama na fara bayani a kan hawan dutse, yadda ake adana ƙarfi, yadda ake kai farmaki a inda ya fi tsayi. Isuhu yana fassarawa yana kallon rufin ɗaki, domin kalmominsa ne nake ba shi yana mayarwa da Sinanci. Laoban ya kalle ni da sabon ido. Nan take ya ce lallai in zo in tsaya kusa da shi ranar, tunda ga masani Allah ya kawo.

Da ranar ta zo na fito cikin farar shadda, babbar riga mai aiki har ciki, da hula zanna, da takalmi sau-ciki. Isuhu ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Alhaji, biki za mu tahi ko dutsi?"

"Kai ba ka san mutunci ba," na ce masa. "Akwai 'yan talabijin. So kake a nuno ni a matsayin wa?"

A gindin dutsen 'yan sanda suka tsayar da motoci, kowa ya hau da ƙafa. Ban san akwai hanya mai kwalta da za ta iya miƙewa tsaye haka ba. Tun ina naɗe hannun riga a kafaɗa da yanga, har na koma tattare ta a ƙugu kamar mai tsallake kwata. Laoban yana gefena yana huci, a bayanmu kuma ma'aikatansa ne maza da mata, ɗauke da ganga da wani dogon ƙyalle da suka harhaɗa da ragowar yadin jins, an rubuta sunan A-Fai da farin fenti. Gefen hanya cike yake da mutane. Wasu sun kafa ƙananan kujeru tun safe, wasu suna durƙushe suna rubuta sunayen gwanayensu a kan kwalta da alli.

Da numfashina ya kai inda zai kai, sai muka sha wata kwana, na hango wata ƙatuwar jar ƙofa ta roba, irin wadda ake hura wa iska, ta haye hanya daga wannan gefe zuwa wancan. Ga tutoci, ga mai kyamara a kan ɗan dandamali, ga jama'a sun yi dafifi. Bayan ƙofar hanya ta lanƙwasa ta ɓace a cikin bishiyoyi. Na ce alhamdu lillahi, mun iso.

"Nan ɗin ya hi ko'ina," in ji Isuhu, "nan ne hawan ya hi tsanani. Amma tsaya in hwaɗa maka, Alhaji, wagga jar ƙohwa..."

"Na sani, Isuhu."

"A'a, ina nuhin ita ƙohwar..."

"Haba Isuhu! Yau na fara ganin tsere?"

Laoban yana kallonmu, kuma ba na so ya ga ana koya wa masaninsa karatu. Isuhu ya ɗaga kafaɗa ya ƙyale ni. Laoban ya samu wani dutse ya zauna a kai, ya ce ko da kuɗi ba zai ƙara taku ɗaya ba.

Daga nan sai jira. Wanda bai taɓa tsayawa a gefen dutse yana jiran 'yan tsere ba, ba zai gane irin wannan zaman ba. Ba ka ganin komai sai hanya fayau, amma kowa ya ƙura mata ido. Wani tsoho a kusa da mu yana da ƙaramar rediyo manne a kunne, shi ne ya zama limamin wurin. In ya yi magana sai labari ya bi layi har ƙasa, Isuhu kuma ya juya mini.

"Mutum biyar sun ɓalle sun bar taro." Can kuma ya damƙi hannuna. "A-Fai na cikinsu!"

Mai ganga ya fara duka, Laoban ya daka masa tsawa ya bari. Ya ce shi duk ɗaya ne a wurinsa, yaro ya ci ko ya faɗi, injin wanki yana nan yana jira. Yana faɗin haka yana ƙoƙarin kunna sigari, ashana ta mutu a hannunsa. Ya kunna wata, ita ma ta mutu. Na ɗauke kai kamar ban gani ba.

Labari ya sake zuwa cewa sun iso gindin dutse, taron baya kuma yana cin tazarar. Isuhu ya ce in aka kamo su kafin tsakiyar hawa, shi ke nan, domin manyan ƙungiyoyi suna da mutanen da suka huta. Sannan aka ce biyar sun koma uku. Sannan rediyon ta ɗauke, sai shuuu kawai take yi. Tsohon ya girgiza ta, ya buga ta a cinya, ya ɗaga ta sama. Mutum fiye da ɗari suna kallon hannunsa. Ni da ban haɗa komai da yaron nan ba, ban taɓa ko gaisawa da shi ba, sai na tsinci kaina ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina.

Jiniya muka fara ji daga ƙasa, tana zuwa tana ɓacewa yadda hanya take lanƙwasa. Sai ihun mutane, yana hawowa kwana bayan kwana. Babur na 'yan sanda ya wuce, wani ya biyo. Laoban ya miƙe tsaye ba tare da ya sani ba, sigarin da bai kunnu ba yana leɓensa.

Sai ga keke ɗaya ya ɓullo daga kwana. Ɗaya tak.

Ma'aikatan nan suka kece da wata irin kururuwa, ganga ta ɓarke. A-Fai ne. Yana tsaye a kan feda, keken yana rangaji hagu da dama, bakinsa a buɗe, yawu da gumi suna zuba a haɓarsa. Tafiyar ba ta fi ta mai saurin ƙafa ba, saboda tsayin wurin. A bayansa babu kowa. Sai da ya kusa da mu sannan wasu biyu suka leƙo daga kwanar ƙasa, kuma ko ni na ga cewa sun makara. Jar ƙofa tana gabansa. Na ji Laoban yana kiran sunan ɗansa da wata murya da ban san yana da ita ba.

Yanzu sai ku yi mini adalci kaɗan. Ni a gidan dambe na tashi. A wurinmu in naka ya yi kisa, ba ka tsayawa a gefe kana tafa hannu kamar baƙo. Cikin fili kake faɗawa ka sungume shi, ka ɗaga shi sama duniya ta gani. Jikina abin da ya sani ke nan.

Tayar gaban A-Fai tana shiga ƙarƙashin jar ƙofa, na ture wani ɗan sanda, na faɗa tsakiyar hanya da gudu, hannuwa a buɗe, babbar riga tana tashi. Ina ihu da Hausa, "Ya ci! Wallahi ya ci!" Na ga idanun yaron sun zazzaro. Ya yi ƙoƙarin kauce mini, amma ina, mai shadda ya riga ya iso. Na rungume shi da shi da keken gaba ɗaya, har ina ƙoƙarin ɗaga shi.

Abin da na fara lura da shi shi ne ganga ta tsaya.

Na biyu, yaron ba murna yake yi ba, duka yake kai mini da gwiwar hannu yana wani irin kuka. Takalman 'yan tsere a maƙale suke da feda, don haka da na tsayar da shi sai muka tafi gefe tare, da ƙyar ya fizge ƙafa ɗaya ya dafe ƙasa. Hannun rigata kuma ya naɗe a ƙahon keken, ya shige cikin birki.

Na uku, muryar Isuhu, tana tsaga duk hayaniyar wurin.

"Sake shi! Alhaji sake shi! Saura kilomita guda! Ƙohwar saura kilomita guda ta!"

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Na shiga jan riga, riga ta ƙi fita. Shadda ce mai kyau, ba ta yagewa da wasa. A-Fai yana ja, ina ja, wani ɗan sanda yana ja na ta baya. Mutum na farko ya wuce mu, ina jin numfashinsa. Na biyu ya wuce. Sannan rigar ta yi ƙyat, ta rabu tun daga kafaɗa.

Yaro ya mayar da ƙafa a feda, amma a irin wannan tsayi keke ba ya tashi daga tsaye. Ya taka, keken ya yi baya. Ya sake takawa, ya karkace. Ni kuma da na ga ɓarnar da na yi, sai zuciyata ta ce in gyara. Ai ko mai kurar ruwa ka gani yana fama da hawa, kama masa ake yi. Na dafa bayan sirdin da hannu biyu, na sunkuyar da kai, na fara turawa da gudu.

"Kak ka tura shi!" Isuhu yana bin mu yana ihu kamar zai yi kuka. "Haramun ne! Za su hukunta shi!"

Ban ji ba, ko kuma na ji ban fahimta ba. Na tura shi tafiya mai ɗan nisa, takalmi ɗaya ya fita, hula ta yi nata wuri, har sai da wani alƙalin tsere a bayan babur ya zo daidai kunnena ya busa usur yana nuna ni da yatsa. Na saki. A-Fai ya shige cikin bishiyoyi bai waiwayo ba.

'Yan sanda biyu suka zaunar da ni a bakin kwalbati. Ba wanda ya zage ni, ko kuma an zaga ban ji yaren ba. Mutane dai suka kewaye ni suna kallo, wasu suna ɗauka da waya. Wata tsohuwa ta tsinto mini hulata ta miƙo da hannu biyu. Na nemi Laoban ban gan shi ba. Isuhu ya nuna mini sama: mutumin da ya rantse ba zai ƙara taku ɗaya ba, ga shi can yana gudu a hawa, tumbi yana rawa, ma'aikata suna bin sa da ƙyallen jins.

Sai da Isuhu ya yi ta ba 'yan sandan haƙuri, yana nuna kaina yana juya yatsa (ban tambaye shi fassarar wannan ba), sannan suka sake ni. Na so in gangara in nemi mota in ɓace. Isuhu ya ce sam, sai mun hau. Wannan kilomita guda da ƙafa ɗaya a takalmi, ɗaya a safa, ita ce tafiya mafi tsawo da na taɓa yi.

A sama muka tarar da ƙofar gaskiya, wadda ta ninka waccan girma, da farin layi a ƙasa da shingen ƙarfe hagu da dama, wanda da alama saboda irina aka kafa shi. A-Fai ya shigo na uku. Da na ji haka sai da na kusa yin sujada, domin na uku ya cika sharaɗi. Amma ba a jima ba aka yi sanarwa a lasifika, na ga fuskar Isuhu ta sauya. Alƙalai sun ce an tura shi, sun mayar da shi baya. Rungumata ta hana shi na ɗaya, taimakona ya hana shi na uku.

Yana zaune a ƙasa jikin motar ƙungiyarsu, tawul a kansa, kafaɗunsa suna motsi. Na je na durƙusa a gabansa da yagaggiyar riga, na faɗi kalmar ban haƙuri ɗaya da na iya da Sinanci, na maimaita ta har ta daina ma'ana. Ya ɗaga tawul ya dube ni. Na so ya mare ni, wallahi da na samu sauƙi. Sai kawai ya mayar da tawul ɗinsa.

Muka gangara muka shiga motar Laoban, muka kama hanyar gari. Ina lissafin inda zan samu wani mai ɗinkin, sai Laoban ya yi magana ba tare da ya juyo ba.

"Yana tambaya," in ji Isuhu a hankali, "wai ku can haka kuke yi?"

Na ba shi labarin gidan dambe. Na kuma gaya masa gaskiya, cewa ban san komai a kan keke ba sai abin da na kwasa a bakin Isuhu. Laoban ya kunna sigarinsa. Sannan ya yi wata doguwar magana, Isuhu ya saurara har ƙarshe kafin ya juya mini.

"Ya ce shi bai taɓa zuwa kallon ɗansa ba sai yau. Ya ce ya gan shi da idonsa shi kaɗai a gaba, babu kowa bayansa. Ya ce sharaɗinsa da ɗansa ya yi, ba da baƙon da shi da kansa ya gayyato ba. Ya ƙara mishi shekara."

Na sunkuyar da kai na yi ta kuka a cikin abin da ya rage na hannun rigata.

A-Fai ya ƙara shekarun da ya ƙara a tsere, ya shiga cikin ukun farko a wasu wurare, amma bai taɓa cin zangon dutse ba har ya bari. Ranarsa guda ce Allah ya kawo, ni kuma na tare ta da hannu biyu. Wannan ba ya gyaruwa, kuma na daina yi wa kaina ƙaryar cewa ya gyaru.

Yanzu shi ne yake riƙe da masana'antar, kuma har gobe a wurinsa nake ɗinki. Mutumin kirki ne, bai taɓa tayar da zancen ba. Sai dai duk ranar da na shiga ofishinsa, yakan yi wuf ya koma bayan tebur, ya miƙo hannu daga nesa, ya haɗa kalmarsu ta "babu" da kalmar Hausa ɗaya tilo da ya roƙi Isuhu ya koya masa.

"Nihao, Alhaji. Meyo runguma."

Tun daga wannan rana, in mutum ya ce mini "tsaya in faɗa maka", tsayawa nake yi, ko da ɗan cikina ne. A wurin murna kuma ni ne na ƙarshen tashi. Ko a ɗaurin aure aka shafa fatiha, sai na leƙa na tabbatar waliyyai sun miƙe tukuna, sannan in je in taya ango murna, hannuwana a bayana.